Jigon Harafin Sinanci a Cikin Kwamfuta, da Inda Ya Haɗu da Ƙugiyar Boko da Ɗigon Ajami

Mafi yawan haruffan Sinanci haɗi ne na gaɓoɓi biyu ko fiye, waɗanda ake cusawa cikin ɗan fili guda mai kusurwa huɗu. Galibi gaɓa ɗaya ce ke nuna inda ma'ana ta dosa, ɗayar kuma ta haska yadda ake furtawa. Daga cikin gaɓoɓin nan masu ƙamus suke zaɓen ɗaya ta zama kan babin da za a ajiye harafin a ƙarƙashinsa. Sinawa suna kiran wannan gaɓa bushou, a nan kuwa za a kira ta jigo. Da yake kwamfuta lamba kawai take ajiyewa, sai masu tsara mata rubutu suka tarar da tambaya a gabansu: harafin dukkansa za a ba lamba ko gaɓoɓinsa, kuma ina jigo zai zauna?

Ganin jigo ba ya buƙatar zuwa Beijing. Kayan Sin sun cika rumfunan Kasuwar Daji da na Shinkafi, da teburan masu gyaran waya a Ƙaura Namoda da Zurmi. A bayan wani batirin da mai gyara ya ciro, ko a jikin kwalinsa, akan ga 电池, a jikin wata robar baƙin mai kuma 机油. Harafi na biyu a kowace kalma yana ɗauke da wasu 'yan ɗigo uku ta hagu, wato 氵. Wannan shi ne jigon ruwa. 池 tafki ne, 油 mai ne, 河 kogi, 海 teku, 洗 wanki. Idan ruwa ya tsaya da ƙafarsa 水 ake rubutawa, idan kuwa ya raɓa gefen wani sai ya tsuke ya koma ɗigo uku. Daga wannan sauyin kama ne rabin wahalar da ke gaba ta taso.

Tsarin ya girmi kwamfuta nesa ba kusa ba. Wajen shekara ta 100 miladiyya wani masani mai suna Xu Shen ya haɗa ƙamus ɗin Shuowen Jiezi, ya raba haruffa 9,353 ƙarƙashin jigo 540. A 1615 Mei Yingzuo ya rage su zuwa 214 a ƙamusunsa Zihui, ya kuma jera su bisa yawan jan alƙalamin da ake yi wajen rubuta kowane. Wannan jerin ne babban ƙamus ɗin da aka kammala a 1716 bisa umarnin Sarki Kangxi ya ɗauka, mai haruffa fiye da 47,000, shi ya sa har yau ake cewa jigogin Kangxi. Mai neman 油 a ciki zai fara da jigo na 85, wato ruwa, ya ƙirga jan alƙalamin da ya rage a ɗaya ɓangaren, ya sami biyar, sannan ya duba cikin masu biyar. Abin ya yi kama da kasuwar mako: mai neman gero ba ya bin rumfa-rumfa, layin 'yan hatsi yake nufa, can ya lalubi nasa.

Sai dai jigo shawarar masu ƙamus ce, kuma ba kullum take bin abin da ido ya gani ba. Gaɓar da ke hagun 肝, hanta, da 肺, huhu, kamar 月 take, wato wata, amma a Kangxi jigon nama ce, na 130, ba na wata ba, na 74. Siffar 阝 idan ta zo hagu tudu take nufi, jigo na 170, idan ta zo dama gari ce, jigo na 163. Bayan ƙasar Sin ta fara sauƙaƙa haruffa a 1956, wasu jigogin sun sake kama, kamar 言 na magana da ya koma 讠 a gefen harafi. A 2009 kuma hukumomin ƙasar suka fitar da nasu jerin mai jigo 201. Ke nan tun kafin na'ura ta sa baki, masu abin ba su taɓa zama baki ɗaya a kan yawan jigogi ba, balle a kan wane harafi ke ƙarƙashin wane.

Wayar tangaraho ce ta fara tilasta a yanke hukunci. A farkon shekarun 1870, da layin wani kamfanin Denmak ya iso Shanghai, aka buga littafin da ya ba kowane harafi lamba mai alƙalumma huɗu, ma'aikaci ya aika lambar, na can gefen ya buɗe littafi ya mayar da ita harafi. Harafin ɗungurungum aka ba lamba, jigo kuma aka bar masa aikin jera littafin. Lambobin ba su mutu ba, don har yanzu ana buga su ƙarƙashin suna a katin shaida na Hong Kong. Da kwamfuta ta zo, tafarkin nan aka bi. Ma'aunin GB 2312 na ƙasar Sin, na 1980, yana da haruffa 6,763: guda 3,755 da aka fi amfani da su an jera su bisa furuci, sauran 3,008 bisa jigo da jan alƙalami, da yake ba kowa ya san yadda ake furta su ba. Taiwan ta yi nata, Big5, a 1984, mai haruffa fiye da 13,000. Japan ta riga su da nata tun 1978.

Ga wanda ya saba da boko, wannan kamar almubazzaranci ne. Me zai hana a ba gaɓoɓi 'yan ɗaruruwa lamba, na'ura ta riƙa harhaɗa su? An yi wannan tunanin, kuma dalilan da suka kayar da shi masu ƙarfi ne. Gaɓa ba ta da girma ɗaya: takan miƙe, ta tsuke, ta gajarta, gwargwadon maƙwabciyarta, kuma harafin da aka haɗa da ƙarfin tsiya yakan fito a karkace, mai karatu ya gane nan take. Sanin gaɓoɓi kaɗai ma bai isa ba. 木 itace ne, 口 baki. Idan itace ya hau sama an sami 杏, wani ɗan itace da ake ci, idan baki ya hau sama an sami 呆, wato dolo. Mafi muni kuma, harafi ɗaya yakan rabu ta hanya biyu ko uku, kowace da hujjarta. Da an bi gaɓoɓi, da kalma ɗaya ta sami lambobi iri-iri a rumbun bayanai, mai nema ya rubuta wata hanya, abin nemansa yana ajiye da wata. Rubutun Koriya ya nuna inda haɗi yake yiwuwa: baƙaƙen farko 19 ne, wasula 21, yanayin ƙarshe 28, idan aka ninka su a sami gaɓoɓin furuci 11,172, kowace kwamfuta tana iya warware ta da lissafi. Haruffan Sinanci ba su da irin wannan ƙa'ida.

Ƙungiyar Unicode, wadda aka kafa a Amurka a 1991 don kowane harafi na duniya ya sami lamba ɗaya tak, ta gaji wannan hukunci. A 1992 ta tattara ma'aunan Sin da Taiwan da Japan da Koriya, ta haɗe haruffan da asalinsu ɗaya ne, ta fitar da guda 20,902. Ana rubuta lambobin da U+ a gaba, cikin lissafin da ke haɗa 0 zuwa 9 da A zuwa F. Wajen jera su sai aka koma wa Kangxi, don kada a fifita furucin wata ƙasa a kan wata. Saboda haka jigo ya bar sawu a cikin lambobin kansu. 水 shi ne U+6C34, 池 U+6C60, 油 U+6CB9, 河 U+6CB3, 海 U+6D77, haka dangin ruwa suke bin juna su fiye da dubu, har a isa U+706B, inda 火, wuta, ta buɗe nata babin.

Amma sawu ne kawai, ba a dogara da shi. Lambar 油 ba ta ƙunshi lambar 氵 a cikinta ba, kuma babu wata ƙa'ida a Unicode da ke warware harafin zuwa gaɓoɓinsa. An kuma yi ta ƙara rukunoni: haruffa 6,582 a 1999, wasu 42,711 a 2001, har jimilla ta haura 97,000 a sigar 2023, kowane sabon rukuni yana sake jerinsa daga jigo na farko. Manhajar da ke son sanin jigon harafi sai ta duba wani kundi na daban mai suna Unihan, inda aka rubuta wa kowane harafi lambar jigonsa da ragowar jan alƙalami. 油 an rubuta masa 85.5, 池 85.3, 好 kuma 38.3, wato jigon mace da ja uku. Idan jigon mai sauƙaƙƙiyar siffa ne, akan sa ɗan waƙafin sama bayan lambarsa. A nan ne ainihin mazaunin jigo a kwamfuta: bayani ne game da harafi, wanda ke ajiye a gefe, ba ya cikin rubutun da ake aikawa.

To, mai buga ƙamus ko littafin koyarwa fa, wanda ke son nuna jigon shi kaɗai? A sigar 3.0 ta 1999 aka buɗe rukunoni biyu. Na farko, daga U+2F00 zuwa U+2FD5, ya ɗauki jigogin Kangxi 214 a jere, kuma babban dalilin shigar da shi shi ne ma'aunin Taiwan, CNS 11643, ya riga ya ware musu lambobi. Na biyu, wanda ya fara daga U+2E80, ya ɗauki siffofi 115 na jigogin da suka sauya kama ko aka sauƙaƙa. Daga 2005 kuma aka fara ba jan alƙalami ɗaiɗai lambobinsu. Sakamakon shi ne tagwaye. Ruwa na rubutun yau da kullum U+6C34 ne, ruwa na rukunin jigogi U+2F54, kuma a allo babu mai iya bambanta su. Ɗigo ukun ma haka: akwai U+6C35, akwai U+2EA1.

Wannan shi ne wuri mafi rauni a duk ginin. An daɗe ana ganin matsalar a rubutun da aka kwafo daga wasu takardun PDF, inda manhajar da ta haɗa takardar ta ɗauki lambar jigo a madadin ta harafi, da yake zane ɗaya suke amfani da shi. Rubutu ya fito lafiya lau ga ido, amma a nemi kalmar a rasa. Maganin da aka tanada shi ne wata daidaitawa da ake kira NFKC, wadda ke mayar da duk jigogin Kangxi 214 zuwa takwarorinsu na yau da kullum. Amma a rukuni na biyu guda biyu kawai take taɓawa, sauran sai an nemi wani jadawali da aka fitar a 2018. Shawarar Unicode ita ce a bar lambobin jigo ga inda ake maganar jigo kansa, rubutun yau da kullum kuma a yi shi da haruffan yau da kullum.

Akwai hanya ta uku, ta siffantawa. A sigar 1999 ɗin dai aka shigar da alamomi 12 masu faɗin yadda gaɓoɓi suke zaune, aka ƙara biyar a 2023. ⿰ tana nufin hagu da dama, ⿱ sama da ƙasa, ⿴ kuma ɗaya ta kewaye ɗaya. Da su ana iya rubuta ⿰女子 a siffanta 好, ko ⿴囗玉 a siffanta 国, ƙasa, wanda ke cikin 中国制造 da ake gani a jikin kwalaye. Ba a wajabta wa waya ko kwamfuta ta harhaɗa su ta zana harafi ba, kuma mai neman 好 ba zai sami ⿰女子 ba. Amfaninsu na ga masana da kwamitin ƙasashen da ke tantance sababbin haruffa, wanda ke buƙatar irin wannan siffantawa tare da kowane harafi da aka kawo, don a gane ko an riga an ba shi lamba.

Kuɗin da aka biya kan zaɓen harafi ɗungurungum shi ne: abin da ba ya cikin jeri babu shi. A 2023 kafofin labaran Sin sun ba da labarin wasu 'yan ƙabilar Lisu a lardin Yunnan, waɗanda sunan zuriyarsu ake rubuta shi da siffar tsuntsu a sama da 甲 a ƙasa. Da na'urorin yin katin shaida suka kasa fitar da shi, sai aka mayar da su 鸭, mai gaɓoɓi kusan iri ɗaya amma a jere gefe da gefe, wanda ke nufin agwagwa. Irin wannan na cikin abin da sabon ma'aunin ƙasar, GB 18030 na 2022, mai haruffa fiye da 87,000, yake son magancewa. Ko harafi ya sami lamba ma, in wayar ba ta da zanensa a kundin siffofinta, ɗan akwati fanko za ta nuna.

A wajen bugawa ne gaɓoɓi suke dawowa, na ɗan lokaci. Tsarin Cangjie na 1976 da na Wubi, wanda Wang Yongmin ya fitar a 1983, sun raba gaɓoɓi a kan madannan boko. A Wubi, V tana wakiltar 女, B tana wakiltar 子, a danna su biyun 好 ya fito. Da zarar ya fito, U+597D kaɗai ake ajiyewa, daidai da abin da mai bugawa da furuci, wato pinyin, zai samu. Yawancin Sinawa yau ta furucin suke bi.

Rubutun Hausa ya sha wannan hukunci sau biyu. Na farko a boko. Haruffa masu ƙugiya, waɗanda suka zauna da gindinsu a shekarun 1930, zamanin da aka fara Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya a 1939, kowane lambarsa guda yake da ita: ƙ U+0199, ɓ U+0253, ɗ U+0257, ƴ U+01B4. Ƙugiyar ba alama ce da ake ɗora wa k ba, kuma babu daidaitawar da ke mayar da ƙ zuwa k, kamar yadda 油 ba ya warwarewa zuwa 氵. A wurin kwamfuta Ƙaura da Kaura kalmomi biyu ne, don haka mai neman sunan ɗalibi ko na gari a rajista dole ya gwada duka biyun. Alamomin karin sauti na littattafan nahawu kuwa, irin na à da â, su ana iya raba su da wasalinsu. Jeri ma ba ya zuwa daga lamba: in aka bi lambobi tsurarsu, Ƙaura za ta faɗo bayan Zurmi, sai manhaja ta ɗauko ƙa'idar jerin Hausa daga wani kundi na gefe, kamar yadda ake ɗauko jigo daga Unihan.

Ƙugiya tana da tsada a saƙon tes. Jerin haruffan GSM na asali ba ya ɗauke da ita, saboda haka ƙ guda ɗaya a cikin saƙo takan sa waya ta koma tsarin da ake aika Sinanci da Larabci da shi, saƙon da ke cin harafi 160 ya koma 70. Wannan, tare da rashin madannan da ke da su, na cikin abin da ya saba wa mutane rubuta kasa a wurin ƙasa. Tagwaye ma Hausa na da nata. Abin da Nijar ke rubutawa ƴ, Nijeriya 'y take rubutawa, waƙafin saman kuma yana iya zama U+0027, ko U+2019, ko U+02BC, gwargwadon wayar da aka buga da ita. 'Ya'ya ɗaya ce ga ido, amma tana iya zama kalmomi da dama ga na'ura.

Na biyu a ajami, inda abin kamar ya fi fitowa fili. Duk almajirin da ya wuce babbaƙu ya san ba da ta da sa jiki ɗaya gare su, ɗigo ne ya raba. Ana iya ba jikin lamba, ɗigon ma lamba, amma Unicode ta ƙi: wasula, irin su fataha da kisira da rufu'a, su ake ɗorawa daban, harafi da ɗigonsa kuwa lamba ɗaya suke ci. Saboda haka duk harafin da malaman ƙasar Hausa suka ƙirƙira ta hanyar ƙara ɗigo sai ya jira an shigar da shi da sunansa. ڟ, wadda ake rubuta tsa da ita, tana ciki tun farkon shekarun 1990. A 2005 aka ƙara rukunin da ya kawo ݑ, da kuma ɗigon ƙasa na imala da ke ba da sautin e. A sigar 13.0 ta 2020 aka ƙara wasu haruffan Hausa da Wolof, kuma a wannan sigar ce harafin biang na wata taliyar lardin Shaanxi, mai jan alƙalami kusan sittin, shi ma ya sami tasa lambar. Ɗigogin su kaɗai sun sami lambobi a 2010, amma don littattafan koyarwa, a nuna wa ɗalibi siffarsu, ba don a gina harafi da su ba. Matsayinsu ke nan ɗaya da na rukunin jigogin Kangxi.

Rubutun Warshu, wanda allunan tsangayun Zamfara da sauran ƙasar Hausa suke bi, ya ƙara nasa tagwayen. Fa a Warshu ɗigonta a ƙasa yake, ƙaf ɗigo ɗaya a sama, nun ta ƙarshen kalma kuma ba ta da ɗigo. Tun da farko akwai U+06A2, fa mai ɗigon ƙasa ta mutanen Magrib. A 2016 aka ƙara fa da ƙaf da nun na Afirka, daga U+08BB zuwa U+08BD, waɗanda ke riƙe ɗigo a farko da tsakiyar kalma, su yar da shi a ƙarshe. Yanzu fa tana da lamba uku da mai buga ajamin Hausa zai iya kamawa: U+0641 ta rubutun Hafsi, U+06A2, da U+08BB. Ba kamar jigogin Kangxi ba, waɗannan babu daidaitawar NFKC da ke haɗe su, don haka duk mai tattara waƙoƙi ko wasiƙun ajami a kwamfuta sai ya tsayar da ɗaya tun daga farko, ko ya rubuta wa manhajar bincikensa jadawalin da zai gaya mata su ukun harafi ɗaya ne.